Jinin Simon

Tamar ta ƙwalla ƙara lokacin da keke-napep ya faɗa rami kusa da layin dogo. Shekararta huɗu. Yatsunta sun kumbura, idonta ya yi ɗorawa. Uwarta Zipora ta ƙanƙame ta tana cewa, "Yesu, Yesu." Ni ina gaba kusa da direba. Ban waiwaya ba.

Karo na uku ke nan a daminar bana da muke kai jikata asibiti.

Tun da safe na yanke magana. In mun dawo, Zipora za ta koma gidan ubanta. Na sa an haɗa mata kaya a jaka, an ajiye bakin ƙofa. Ita ce matar babban ɗana Yafet, kuma ban taɓa kama ta da laifi ba. Amma takardar gwajin jini ta aurensu ta ce ita AS ce, shi kuwa AA. Mata a coci sun fara raɗa cewa mai AA ba ya haifar mai sikila, sai dai in yarinyar ba tasa ba ce. Na ji. Ban tsawata wa kowa ba.

Abin da na riƙe shi ne kakan Zipora baƙo ne. Aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Kafanchan daga ƙetaren Binuwai. Mu kuwa daga kan dutse muka sauko, na san kabarin kowa. Na ce ciwon kayan baƙi ne.

* * *

Nas ɗin sunanta Theresa, gajeriya mai kaifin baki. Ta ja fatar idon Tamar, ta ce, "Jininta ya yi ƙasa sosai. Wa zai bayar?"

Yafet da ƙanensa Simon sun biyo mu a kan babur, da lakar gonar citta a ƙafafunsu. Ta soki yatsan kowannensu, ta shiga ciki. Muka zauna a benci. Ruwa na dukan kwano, kukan Tamar yana fitowa ta taga yana raguwa. Raguwar ce ta fi ba ni tsoro.

Da ta fito na tare ta. Na ce, "Ki rubuta cewa daga wajen uwar ne. Gidan Kambai ba mu da wannan abu."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Baba Kambai, a makarantar wa ka yi likitanci?"

"Kakan uwar baƙo ne."

"Baba, duk ƙasar da sauro ya daɗe yana kashe mutane, wannan jini yana nan. Wanda ya gaji rabi, zazzaɓi ba ya saurin kayar da shi, shi ya sa ya yaɗu tun kakanni. Duk inda suka yi ƙaura da shi suka tafi, kan dutse ko bakin kogi, har waɗanda aka kwashe zuwa ƙetaren teku. Mutanen ƙasashen sanyi ba su cika samunsa ba, su ma da nasu cututtukan gado. A nan kuwa, cikin mutum huɗu da ke kan bencin nan za ka iya samun ɗaya. Kuma yaro ba ya kamuwa sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi."

Ta ɗaga takarda. "Simon, AA. Shigo, naka za mu ɗiba. Yafet, AS. Kai zauna."

Zipora tana tsaye a ƙofar ɗakin. Ta ce, "Sista, kin yi kuskure. Maigidana AA ne. Takardar tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa."

"Maman yarinya, sau biyu na gwada."

Yafet bai ɗago kai ba. Ni yake jira.

* * *

Shekara biyar da suka wuce, Fasto ya ce ba ɗaurin aure sai da takardar gwaji, kuma ranar Asabar zai rufe karɓa. Lokacin haƙar citta ne. Masu saye sun zo da mota, Yafet ne ya san awo. Na ce ba zan ɗauke shi daga gona saboda ɗigon jini ba. Na kira Simon na ce, "Uwa ɗaya, uba ɗaya, jininku ɗaya ne. Je ka ba da, ka ce sunanka Yafet." Ya je. Mai gwajin bai tambayi komai ba. Ni da hannuna na miƙa wa Fasto takardar, a matsayina na dattijon ikilisiya.

Ban ɗauke shi ƙarya ba a lokacin. Na ɗauke shi dabara.

A kan bencin nan na tuna ƙannena biyu, Wilfred da Kumai. Duk damina sai su kwanta suna kukan ƙashi. Ba wanda ya kai shekara bakwai. Mahaifina ya ce matar maƙwabci ce ta ci su, aka kore ta daga ƙauye. Na taya jifan ta. Kaburburansu suna gindin dutsen da nake taƙama da shi.

Zipora ta zo ta durƙusa a gabana kamar yadda ta saba. Muryarta ba ta tashi ba.

"Baba, jinin wa ke cikin takardar aurena?"

Na dubi Yafet, na dubi ƙasa.

"Na Simon."

"Wa ya aike shi?"

"Ni."

"Da mata suna cewa Tamar ba 'yar gidanka ba ce, kana ji?"

"Ina ji."

Ta jinjina kai. Ta miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan a kan cikinta. Cikin wata biyar gare ta. Ta juya wajen nas ta ce, "Sista, wannan na ciki fa?"

Theresa ta sassauta murya. "Kowane ciki, ɗaya cikin huɗu ne. Ba zan ce miki e ko a'a ba."

* * *

Jinin Simon ya shiga jikin Tamar. Bayan kwana shida aka sallame ta. Tana tafiya, amma tana dafa bango.

Ranar Lahadi na sa babbar rigata, na yi niyyar tsayawa gaban jama'a in faɗa. Da Fasto ya tambaya ko akwai mai sanarwa, na ga matan nan a layin gaba, na kasa tashi. Aka yi addu'ar rufewa.

Zipora tana kawo mini tuwo kullum. Tana ajiyewa, ba ta durƙusawa, ba ta cewa Baba. Jakar tana nan bakin ƙofa yadda na sa aka ɗaure ta. Na ce wa Yafet ya mayar da ita ɗaki. Zipora ta ce kada wanda ya taɓa.

Jiya hadari ya haɗo. Na ga ta fito da sauri ta lulluɓe Tamar da zane biyu, sannan ta zauna a kan jakar, tafin hannunta a kan cikinta, tana kallon sama.