Falalu Ya Ƙi Guzuri

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonakin gangaren Maradun, aka kwashe su Saude zuwa sabon matsuguni mai tsakuwa, abin da ya rage wa mijinta Hashimu shanun noma biyu ne. Ɗaya ya zame cikin magudanar siminti ya karye, aka yanka shi. Ɗansu Falalu, saurayi ɗan shekara sha shida, shi ke kiwo ranar. Hashimu bai doke shi ba, amma bai ƙara ce masa uffan ba.

Yaron ya daina fita dandali, tuwo sai ya taɓa ya ture. Can wata safiya ya tashi sakayau, ya bi gida-gida yana neman gafara, ya kyautar da tantabarunsa. Kowa ya ce cin rani zai tafi, tunda haka matafiyi ke sallama, samari kuwa kullum kwarara Gusau suke yi.

Da hantsi goggonsa Gimbiya ta shigo tana mita.

"Saude, ɗan nan naki ya raina ni. Na soya mashi ƙuli na guzuri, wai in ba yara, shi ba ya bukata. Ina kika taɓa jin matahiyi ya ƙi guzuri? Ko kaji ke jiran shi Gusau?"

Saude ta aje rariya ta leƙa ɗakinsa. Tabarma a shimfiɗe, buta da takalmi suna inda suke, ba abin da aka ɗaure. Ta tuna bai tambayi kowa ranar da motar Gusau ke tashi ba.

Falalu ɗan fari ne, saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama kusa da shi. Ta same shi zaune bayan rumbu.

"Falalu."

Ya ɗago a firgice.

"Gaya mani gaskiya. Tunanin kashe kanka kake yi?"

Gimbiya, da ta biyo ta, ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Ke Saude, kar ki sa mashi abin da babu!"

"Yaya, bari shi ba ni amsa."

Falalu ya gyaɗa kai, kuka ya ƙwace masa.

"Inna, na ga in ba ni, Baba zai huta da ganina."

Saude ta zauna a ƙasa ta riƙe hannunsa har kukan ya lafa. Ta ce wa Gimbiya kada a bar shi shi kaɗai, gobe kuma za su bi motar kasuwa zuwa Mafara su ga malamin asibiti. Ta yafa mayafi ta tafi neman Hashimu.

Hashimu ya zo da fartanya a kafaɗa, ƙura har gwiwa. Ya tsaya kan ɗansa. Sai ya jingine fartanyar jikin rumbu.

"Matsa mani in zauna," in ji shi.