Likkafanin Clarrie

Ni dai ban ce da kowa Clarrie zai mutu ba. Beryl maƙwabciyata ce ta faɗa, ni kuwa ban ƙaryata ta ba.

Clarrie mijina ne. Tun da aka yi masa aikin zuciya likita ya hana shi ɗaukar kaya mai nauyi. Shi kuma tun kafin aurenmu, duk shekara in sanyi ya ja baya, sai ya goya tsohon tantinsa na tamfol ya hau tsaunuka zuwa tafki, ya kwana biyu yana jefa fatsa. Mota ba ta kai wa bakin ruwan, sai an taka. Tantin nan kuwa nauyinsa kamar mushen rago. 'Yarmu Shona ta zo daga birnin Launceston ta jefa shi a bayan motarta.

"Baba, zuwa tafki ya ƙare," in ji ta.

Na ce, "To in aka samu marar nauyi fa?"

Ta yi dariya. "Mama, in kin samo wanda zai ɗaga da yatsa ɗaya, kuma ruwa ba ya shiga, ni da kaina zan kai shi."

Daga ranar Clarrie ya zauna a kujerar bakin taga ya daina magana. In na sa masa abinci sai ya tsattsakura ya ture. Mutumin da ke faɗa da rediyo kullum safe, rediyon ma ya bar shi. Na ga in ba a yi wani abu ba, kujerar nan ce za ta ƙarasa abin da ciwon ya fara.

A lokacin Beryl na ƙara ɗaki a bayan gidanta, don ta nuna mana surukinta magini ne. Suna naɗe bangon da farin abin nan da ake sa wa gida kafin a buga katako, shi ba leda ba, ba takarda ba, ba kuma yadi ba. Ragowar da suka yar na roƙa wurin surukin don in haɗa wa Clarrie tanti, Beryl ba ta nan. Ya ce ruwa ba ya ratsa shi, amma kada in kuskura in sa masa allura, ya ba ni salatif ɗinsu mai faɗi. Na ce to. Yaron da aka haifa jiya ne zai koya mini ɗinki? Na hau keken ɗinki na ɗinke tsakiyarsa tsaf. Da na zuba ruwan buta a kai, sai ga shi yana ɗiga ta kowace kafar allura. Na yanke wurin na liƙe da salatif, ban gaya wa kowa ba.

Sai ƙara. Ka taɓa shi kaɗan, ƙwaram-ƙwaram har titi. Clarrie ya leƙo ta taga, karo na farko da ya buɗe baki a satin.

"Tsohuwa, da wannan ai kifin tafkin duka hijira za su yi."

"Au, ashe bakinka na nan?"

Na cusa abin a injin wanki, ruwan sanyi ba sabulu, na sake maimaitawa. Ya fito laushi kamar tsohon zanen gado, fari tas. Na shimfiɗa shi a ciyawar bayan gida na ce Clarrie ya kwanta a kai in ga tsawonsa. Ya kwanta ya miƙe samɓal, ya ɗora hannuwa a ƙirji, ya rufe ido saboda rana. Ina durƙushe da tef ɗin awo ina jan gefen a kansa, sai na hango furfurar Beryl a saman danga. Kafin in ɗago ta ɓace.

Washegari matar fasto ta kawo naman rago da dankali, ta riƙe hannuna tana girgiza kai. Mai sayar da fetur ya aiko da itace. Beryl da kanta ta shigo da kek ɗin tuffa, ido jajir.

"Dulcie, da hannunki kike ɗinka masa? Ke jaruma ce."

"Me za a yi, Beryl," na ce. "Tafiyar ta matso."

Ƙarya na yi? Clarrie ya cinye rabin kek ɗin a ɗaki, yana dariya har da tari.

Abin da ban lissafa ba shi ne Beryl na da lambar Shona. Ranar Asabar da hantsi sai ga mota ta tsaya da ƙarfi, Shona ta shigo da silifas wari da wari, fuska duk hawaye. Ta tarar da ubanta a filin bayan gidan yana naɗe 'yan tsakuwa a kusurwoyin farin abin, yana ɗaure igiya a wuyan kowace, don kada a huda shi. Ta tsaya. Ta rungume shi har hularsa ta faɗi. Sannan ta juyo kaina.

"Mama! Kin san yadda na tuƙo motar nan?"

Nan dai na ji kunya. Na ce, "Yi haƙuri, 'yar nan. Tunda kin zo, ga alkawarinki."

Clarrie ya ninke rumfar da na haɗa masa ya rataya ta a ɗan yatsansa, ya ɗaga sama. Muka kafa ta tsakanin itacen tuffa da ƙarfen shanya, ya rarrafa ciki. Shona ta ɗauki tiyo ta buɗe famfo har ƙarshe, da fushi take fesawa. Masu zuwa dubiya sun jeru a danga, Beryl a gaba. Ruwa na gangarowa ta ko'ina, ni kuwa idona na kan wurin da na liƙe.

Ta kashe famfo. "Baba, fito."

Shiru.

"Baba?"

Ta yar da tiyo ta durƙusa ta leƙa. Sai muka ji munshari. Tsohon ya ƙoshi da kek ɗin mutane, ya samu inuwa. Shona ta shafa rigarsa, ta shafa ciyawar gefensa, a bushe ƙamas. Ta zauna daɓas a cikin taɓo tana dariya tana share ido.

"Shi ke nan. Amma ni zan ɗauki jakar, kuma tare za mu kwana."

Beryl ta ce, "Dulcie, ashe ba..."

"Tanti ne, Beryl. Da ragowar bangonki. Me kika zata?"

Sun tafi sun dawo da kifi uku da mura, Shona ce mai murar. Clarrie ya koma faɗa da rediyo. Na aika wa matar fasto kifi ɗaya, na soya wa Beryl ɗaya na kai mata a farantinta na kek. Ta karɓa, amma har yau in ta gan ni a kanti sai ta shiga layin sabulu don kada mu haɗu.