Salgar Mati da Rijiyata

Ruwan tsakiyar damina ne ya rusa salgar Mati. Mati maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a bayan kasuwar Malanville. Shekara talatin ya yi yana facin tayar manyan motocin kaya, kamiyo, kusa da duwan, wato ofishin kwastan, sai da ciwon baya ya zaunar da shi ya dawo gida da tsofaffin tayoyi goma sha ɗaya da ya ƙi rabuwa da su. Da salgar ta rufta ya ce ba zai kira magini ba. Ƙasarmu rairayi ce, kana haƙa tana zubowa, shi ya sa rami ba ya daɗewa. Dabararsa ita ce ya jera tayoyin nan ɗaya bisa ɗaya cikin ƙasa, su zama bangon ramin.

Da na ji haka na ɗauki kujerata na zagaya gidansa, don ban taɓa ganin salgar roba ba.

Wurin da zai haƙa ne ya fara hana mu aiki. Tsohon wurin ya zama taɓo. Tsakar gidansa kuwa siririya ce kamar zariyar wando. Mati ya nuna wani lungu kusa da ƙofar shiga. Na je na tsuguna a wurin don gwaji, na ga babu yadda mutum zai zauna sai ya fuskanci gabas.

"Mati, nan alƙibla ce kai tsaye," na ce. "Kana son iyalinka su riƙa yi wa alƙibla wanga abu safe da maraice?"

"To in an juya baya hwa, Malam Kadiri?"

"Shi ma an hana. Sai kudu ko arewa."

Muka yi ta zagaye muna tsugunawa kamar masu neman allura, har muka kai kusurwar da ke jikin katangata. A nan mutum zai zauna fuskarsa na duban arewa sosai. Ni na zana da'irar ramin da sandata. Ina tuna yadda raina ya yi fari, na ga na tsare maƙwabcina daga zunubi.

Aikin ya ci kwana shida. Mati ya yanke leɓen kowace taya da wuƙa, yana tsoma wuƙar cikin ruwa don ta yi santsi. Sai ya ajiye taya bisa da'irar, ya shiga ciki yana kwashe rairayi da kwano, tayar na nutsewa da nauyinta. In ta yi daidai da ƙasa mu mirgino wata mu aza. A taya ta tara ƙasan ramin ya fara jiƙa, a ta goma ya tsaya. Ya zuba murfin siminti, ya bar kafa da gindin bokiti, ya kafa tsohuwar salansar mota don wari ya fita sama. Kafin a rufe na leƙa na kira sunana, muryar ta dawo mani da kauri kamar ta wani ƙaton mutum. Na yi ta kira har Mati ya ce in bari, mutane za su ce aljani ya haƙo.

Ni a gidana rijiya gare ni, mahaifina ya haƙa ta tun ban yi wayo ba. Ruwanta garai, ba gishiri. Da shi matata Kulu ke dama kunu, da shi nake alwala da shayi, gidaje huɗu na unguwa nan suke ɗiba. Akwai tarwaɗa guda da na jefa ciki shekaru da suka wuce don ta cinye ƙwari. Da hantsi, in rana ta miƙe bisa bakin rijiyar, nakan leƙa in ga gajimare yana wucewa can ƙasa, ita kuma tana ratsa shi da gashin bakinta.

Bayan wata uku na lura tarwaɗar ta yi ƙiba. Da ba ta fi tsintsiyar hannuna ba, yanzu ta kusa ƙaurina, bayanta na ƙyalli. Na kira Kulu ta gani, ina cewa albarka ce.

Kulu ba ta yi murna ba. Ta ce, "Malam, bar zancen kihi. Zo ka sunsuni randa."

Na sunsuna. Akwai wani ɗan bashi-bashi, kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe. Na ce ganye ne ya faɗa.

"Wane ganye? Sau biyu na wanke randar ga. Kunu na kwana ɗaya shina tsami, cikina kuma tun wancan mako bai zauna ba. Kai ma ina jin naka shina kuka in kana salla."

Ta tsaya tana duban rijiyar, ta dubi katanga. Sai ta ɗauko taɓarya ta jingina ta bisa kan katangar daidai bakin rijiya, ta ja mayafi ta ce in biyo ta. Muka zagaya gidan Mati. Kan taɓaryar na nan yana leƙowa, daf da salansar salgar. Tsakanin ramin da rijiyata bai kai taki uku ba. Kwana shida na yi zaune a wurin, ban taɓa tuna abin da ke bayan katangar ba, alhali gidana ne.

Yawu ya cika mani baki, na rasa inda zan tofar.

Mati ya fito yana gyara hula. Da Kulu ta gaya masa ya yi tsalle.

"Haba, uwargida! Taya ce hwa. Abin da ke riƙe iska daga nan har Kwatano shi ne zai kasa riƙe kashi?"

"Gehe ta riƙe," in ji Kulu. "Gindin hwa? Ka sa mashi taya?"

Mati ya ce rairayi yana tace komai, ai da shi ake tace ruwan kogi. Ni ma na kama wannan magana da hannu biyu, don ina son ta zama gaskiya. Kulu kuwa ta juya. Ta koma gida ta kwaso duk bular da take sa wa fararen tufafi, ta jiƙa ta cikin bokiti biyu har ruwan ya yi baƙi-baƙi don shuɗi, ta kawo ta miƙa wa Mati.

"Zuba da hannunka, kada gobe ka ce ni."

Ya zuba cikin salgar.

Ranar farko guga ya fito fari. Na ɗaga shi ga rana ina nuna wa Kulu, ta ce ita dai ba ta sha, ta ɗauki bido, wato jarka, ta tafi famfo. Rana ta biyu ma haka, har Mati ya leƙo ta kan katanga yana tambaya ko za mu ba tayoyinsa haƙuri. Rana ta uku da safe na ja guga don alwala, na zuba a farin kwano. Ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, kamar sararin sama bayan ruwa. Da ban san mafarinsa ba da na ce ban taɓa ganin ruwa mai kyansa ba.

Na zauna a ƙasa riƙe da kwanon. Wata uku ke nan ina kurkure baki da wannan ruwa sau biyar a yini. Na shaƙa shi a hanci, na wanke fuska, na tsaya gaban Ubangiji ina ganin ina da tsarki. Na dafa shayi da shi na ba baƙi, suna yaba kumfarsa. Na tuna ƙibar tarwaɗa, na tuna abin da take ci. Na yi amai a gindin katanga har idona ya kawo ruwa.

Mati ya ji ƙara ya shigo. Ya dubi kwanon ya daɗe.

"Kunun da uwargida ke aiko muna kullum," ya ce a hankali, "da wanga ruwa ne?"

"Da shi ne," in ji Kulu. "Naku ne muka maido maku."

Ya toshe baki ya fita da sauri, muna jin kakarinsa ta bayan katanga.

Da yamma ya dawo ya tsuguna gabana, ya ce zai cike salgar, ya tone tayoyin, ya ƙone su in ina so. Na aika aka kira Latifu mai haƙar rijiyoyi, ko za a yashe ta ta gyaru. Latifu ya ja guga ɗaya, ya sunsuna, ya kawar da kai.

"Baba, ko an cike salga, rairayin da ke tsakani ya riga ya sha. Ka yashe yau, gobe shi sake tsattsahowa. Ba ni iya ce maka shekara nawa."

Na dubi Kulu. Ta ce ko an wanke rijiyar da sabulu ita ta gama da ita. Ni ma da na leƙa, ban ga komai ba sai abin da na sani yana ciki.

Muka fitar da tarwaɗar da ƙugiya. Ba wanda ya yarda ya taɓa ta da hannu, Latifu ya ja ta cikin buhu ya kai kogi. Washegari aka kawo amalanken ƙasa. Mati ya ce shi zai yi aikin duk da ciwon bayansa, na ce a'a, rijiyar ubana ce, ni zan fara. Shebur na farko ya faɗa ruwan da ƙara, na biyu ma haka, can sai ƙarar ta daina.

Muna cikin haka Basira, matar gidan da ke kallon namu, ta shigo da bokiti biyu kamar yadda ta saba. Ta tsaya turus.

"Malam, lahiya? Mi ya samu rijiya?"

Kulu ta shige ɗaki, Mati ya sunkuyar da kai yana ta zuba ƙasa. Na jingina shebur na gaya mata duka, har da cewa ni na zaɓi wurin. Ta ajiye bokitan a hankali, ta goge bakinta da gefen zane, ta tofar da yawu.

"Sauran gidajen sun sani?"

Na ce ba su sani ba tukuna. Na wanke hannu da ruwan famfo, na sa takalmi na fita.