Ɓarin Dutsen Baba

Tsuntsun da Yayana yake tinƙaho da shi bai wuce tsawon yatsana ba. Baba ne ya tsince shi a wurin fasa dutse inda yake aiki. Ya buga guduma, falalen ya rabe biyu, sai ga 'yan ƙasusuwa sirara kamar zare, da fiffike, da baki mai haƙora. Ɓari ɗaya ke ɗauke da ƙasusuwan, ɗayan shatinsu kawai. Ya naɗo su a rigarsa, ya ba Yaya mai ƙashin, mai shatin kuma ya ɗora shi kan kabad.

Yaya ya yi karatu har ya zama Dakta. Ya gano tsuntsun ya yi zamani da dainoso, dabbobin nan masu girman gida, kuma ba a taɓa ganin irinsa ba. A aikinsu, wanda ya fara bayyana sabuwar halitta shi ke raɗa mata suna, sunan kuma ba ya goguwa. Da bakinsa ya ce, "Baba, sunanka zan sa masa." Ba maƙwabcin da Baba bai shaida wa ba.

Sai dai Yaya irin mutanen nan ne da ke fashewa da dariya tun Farfesansu bai gama ba da labari ba. Shi ne ɗaukar jaka, shi ne buɗe ƙofar mota. Ga kuma kujerar mataimakin Farfesa da yake ta haɗiyar yawu a kanta.

Ranar da za a nuna tsuntsun a gidan tarihi, sau biyu Baba ya sa na goge masa riga. Farfesa ya miƙe yana ta "mun gano, mun gano", mutumin da ko tsakuwa bai taɓa ɗagawa ba. Yaya na gefe yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Baba ya sunkuya kan akwatin gilashin. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganin ƙananan haruffa.

"Auta, karanta mini sunan."

Na duba. Sunan Farfesa ne, an liƙa masa wutsiyar Latin, yaren da masana ke raɗa wa halittu suna da shi. Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, zo ka karanta wa Baba, ai kai ka rubuta."

Ya zo yana gyara wuyan riga. Ya karanta ƙasa-ƙasa, yana tauna haruffan kamar Baba ba zai gane ba.

"Sake faɗa," in ji Baba.

Ya sake. Baba ya miƙe, ya ce mu tafi, ƙafarsa na ciwo.

Na ɗauka kunya za ta hana Yaya leƙo gida. Ashe ban san shi ba. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da ledar lemo, wai Farfesa ya ji akwai ɗaya ɓarin, yana so a haɗa su wuri guda.

"Don ilimi ne, Baba."

Baba ya sa na sauko da dutsen. Ya ɗora shi a cinya, ya bi shatin fiffiken da yatsansa mai kanta, a hankali.

"Ai tsuntsun na ba ka tun kana yaro," ya ce. "Wannan gurbin da ya bari ne. Shi ne rabona."

Ya miƙo mini dutsen na mayar kan kabad. Da Yaya ya tashi tafiya, na bi shi har ƙofa da ledar lemonsa.