Kukan Giyar Muntaka

Tun daga kwanar masallaci na ji ta. Wani siririn kuka kamar injin markaɗe da aka bari babu hatsi, in an taka ya ƙaru, in an ɗaga ƙafa ya sauka. Ƙanena Muntaka ya shigo da farar bas ɗinsa garejina na Isa, ya kashe, ya fito yana yaƙe.

"Yaya Illo, tafiya kam tana yi. Kukan kaɗai nika son ka kashe."

Ban yi boko ba, amma shekara ashirin da shida ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Na ce ya tayar. Tana tsaye, kuka. Na sa gaba, kuka. Na sa ribas, ya ƙaru. Ke nan ba taya ba ce, ba boris ɗin ƙafa ba. Famfon cikin giyar otomatik ne ke jan mai bai samu. Na zaro sandar awo. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi, yana ƙauri.

"Ina kake bi da ita?"

"Ina kau? Isa, Sabon Birni, ranar kasuwa. Titi zalla."

Na shiga ƙarƙashi. Farantin da ke riƙe man giya ya lotsa har ya danne bakin filta. Ramin titi ba ya yin haka, aikin kututture ne. Ga ɗanyen ɓawon itace maƙale jikin notuna, ga yashin rafi. Ta hujojin tsatsa kuma warin fetur ke saukowa, ba daga tankinta ba. Na fito na buɗe baya. An cire kujeru biyu, gindin jarkoki ya bar zane a ledar ƙasa.

* * *

Na ja shi bayan rumfa.

"Mi kake kai musu?"

"Su wa?"

"Kar ka maishe ni yaro. Mota ta riga ta faɗi."

Ya zauna bisa tsohuwar taya. "Mai. Burodi. Wani lokaci maganin zazzaɓi."

"Don ƙaniyarka! Man da 'yan bindiga ke zuba wa babura su zo su kwashi mutane?"

"Watan jiya suka tare ni bayan Tozai. Suka kira min sunan Inna, suka faɗi launin ƙofarta. Suka ce in kai musu kaya daji kowace Alhamis. Kai kana gari, Yaya. Ita fa da ke ƙauye?"

"Za ni ɗauko ta."

"Sau nawa ka je?"

Sau uku. Uwarmu ta ce ba ta barin gero tsaye a gona, ba ta barin kabarin mijinta.

"To kukan, mi ya dame ka da shi?"

"'Yan sa-kai sun fara tambayar wace mota ce ke kuka ta hanyar daji." Ya shafa wuyansa, bai ƙarasa ba.

Na san 'yan sa-kai, ba sa kai mutum kotu. In na kore shi ya tafi da kukan, gawarsa za a kawo min. In bai tafi ba, kan Inna 'yan bindiga za su huce. Na zagaya motar sau biyu ina neman hanya ta uku. Ran nan Laraba ce.

* * *

Na tsiyaye baƙin man a kwano, na kwance farantin. Na duba maganaɗisun da ke ciki ina fatan in ga garin ƙarfe tuli, in ce masa giya ta mutu, ba laifina. Ɗan kaɗan ne. Giyar lafiyarta lau.

Na ɗora farantin bisa gungume na bubbuge shi da guduma har ya miƙe. Na sa sabuwar filta da gaskit mai hana yoyo, na ɗaure notuna, na ɗura jan mai. Ya tayar. Gaba, ribas, tsaye: tsit. Ban taɓa yin aiki mai kyau da na ƙi jininsa haka ba.

"Yaya, da za ka walda mata ƙarfe a ƙasa saboda kututture..."

"Fita min daga gareji."

Ya fita. Ko kajin da ke kiwo bakin hanya ba su watse ba.

Kande mai shinkafa da wake ta taso daga rumfarta riƙe da buta. Daminar bara 'yan bindiga suka harbe mijinta yana noma, tun lokacin take sayar da abinci gefen garejina, ita da 'ya'ya biyar.

"Sannu da aiki, Malam Illo. Ka ji ta kamar sabuwa! Allah shi yi albarka, ka gyara wa ɗan'uwanka hanyar abincinai. Kawo hannu."

Na miƙa. Tana zuba ruwa, ina murzawa, ruwan na zamewa bisa man.

"Tsaya," in ji ta, "bari in ɗebo maka toka."