Minti Hamsin da Biyu a Ofishin Pak Suwignyo

…kuma wai ni ce zan yi godiya. Wata bakwai, Pak Suwignyo. Wata bakwai ina bin sakatariyarka, Bu Hartini, da wasiƙa da waya — kullum sai ta ce Bapak, wato maigida, ya yi tafiya, Bapak yana taro, Bapak ba ya jin daɗin jikinsa — sai ranar Talata aka ce in zo, an ba ni awa ɗaya. Na ratsa rabin Surabaya a bayan ɗan acaba, kwalin kek ɗin tsarabarka a cinyata kamar jariri. Ga ni yau a rumfar mai miyar soto, waya a kunne, ina sauraron abin da rikodata ta kamo. Minti hamsin da biyu. Na me?

"Mu a wannan kamfani iyali ɗaya ne, Mbak Winarti."

Iyali ɗaya. Kai ne na goma sha ɗaya da ya gaya mini haka. Mai jiragen ruwa ya faɗa, mai masaƙa ya faɗa, har wanda ya maka ƙanensa a kotu ya faɗa, yana murmushi. Tambayata fa guda ce, shekara huɗu ina kanta: yaya mai kamfanin gado yake zaɓen wanda zai gaje shi? Bu Retno, malamar da ke duba aikina, ta cire tabarau ta ce babi na huɗu ba bincike ba ne, talla ce. Ta ce ko in kawo mata murya ɗaya mai gaskiya ranar Litinin, ko kwamiti ba zai zauna a kan digirina ba. Bana kuwa shekarata ta ƙarshe ce, jami'a ba ta ƙara wa kowa.

Minti na ashirin… ga ka kana ba da labarin tukunya ɗaya da mahaifinka ya fara dafa miyar waken soya a ciki. Ai yana jikin kalandarku, Pak, na karanta a ɗakin jira. Ga ni nan ina cewa na'am, Pak, haka ne, Pak — ji muryata, kamar ta 'yar aiki. Shayin da aka ajiye mini ya huce a gabana, don ba ka ce in sha ba, ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar miƙa hannu kafin mai gida ya yi izini ba. Maƙogwarona a bushe, kai kana ta tukunya.

Abin da ke ƙona mini rai, ai ka faɗa mini. Ka faɗa! Ka ce ɗanka Prasetyo tsoron mutane yake ji, kafin kowane taro sai ya daɗe a mota ya kasa fitowa. Ka ce 'yarka Kinanti ce ke riƙe da masana'antar shekara tara, ma'aikata ita suka sani. Amma Prasetyo za ka ba kujerar, don ka yi wa mahaifiyarka alkawari tana kan gadon mutuwa cewa namiji ne zai riƙe sunan gidan. Ka ce ka san ba za a yi shekara biyar ba abin zai rushe, da mutum dubu uku a ciki. Babina ke nan, gaba ɗayansa. Kuma ba ko kalma ɗaya a rikoda.

Takardar da ka sa wa hannu a fili take: abin da aka naɗa zan yi aiki da shi, in ɓoye sunanka, abin da ba a naɗa ba, babu shi. Ka san haka sarai. Ku manya haka kuke — ku jira a kashe na'ura, ku juye wa 'yar makaranta kayan da ke danne muku ƙirji, ku koma gida sakayau. Ni wace ce? Kwandon shara? Ni ma fa ina da uwa a Madiun da ta riga ta ɗinka kayan zuwa bikin digiri…

Minti na hamsin da ɗaya. Bari in ji wurin da ka ce in kashe, in ji da wace murya ka faɗa. Ƙarar kofi a kan faranti. Shiru. Kana jan hanci.

"Nak, 'yata, zan gaya miki abin da ban gaya wa matata ba. Ki rubuta shi yadda yake. Ɗana Prasetyo—"

Ƙit.

Tsaya. In koma baya. Kofi… shiru… ki rubuta shi yadda yake… ƙit. Ina wurin? Ina ka ce a kashe? Sau uku ke nan ina komawa.

Babu.

Har ma — eh — da yatsa biyu ka turo rikodar kusa da bakinka. Na gani. Idonka ya ciko, dattijo mai furfura a bayan wannan ƙaton teburi, sai na sunkuyar da kai… Ibu ce, mahaifiyata, ranar da kakana ya fashe da kuka a ɗakinsa, ta kama haɓata ta juyar, ta ja labule, ta ce yaro ba ya kallon hawayen babba, Narti, ko ya gani bai gani ba. Shekarata shida. Babban yatsana ne ya tafi da kansa ya danna maɓallin kashewa, a hankali, don kada ka lura ka ji kunya. Har daɗi na ji a lokacin, wai na rufa maka asiri.

Kai kuwa ka ci gaba da magana, kana kallon 'yar na'urar. Minti goma sha biyar kana yi mata magana. Ba ka san ta mutu ba. Wataƙila yanzu haka kana zaune a hawa na talatin kana jira wata rana Kinanti ta karanta, ta gane muryar ubanta ko da babu suna…

In kira Bu Hartini in ce mata me? Bapak ya sake yin kukan? Yau Jumma'a.

Shekara saba'in da ɗaya, sau ɗaya ka buɗe baki. Ni kuwa na yi maka ladabi, Pak. Ladabi na yi maka…