Azumin Bakin Mama Nas

Lokacin da na shiga ɗakin, Baba Direba yana ɗora takalmansa a kan teburin magungunanta. Da gangan. Ya gyara musu zama kusa da kofin ruwa, ya koma gefe yana satar kallonta.

Mama Nas ta dubi takalman, ta dubi mijinta, ta lumshe ido. "Ubangiji ya yi maka albarka," in ji ta.

"Ka ji ko, Malam?" Ya juyo gare ni kamar zai yi kuka. "Wai albarka! Ni!"

Katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun da na tare a gidan ban taɓa buƙatar agogo ba, faɗan Mama Nas ne ke tashe ni. Ta yi ritaya daga asibiti amma ba ta yi ritaya daga ba da umarni ba, majinyatan ne dai suka ragu zuwa mutum ɗaya mai ƙoshin lafiya. Bana da azumin tuba ya kama, wasu suka bar nama, wasu suka bar sukari, ita kuwa ta miƙe a coci ta ce ta bar faɗa sai ranar tashin Almasihu. Har fasto sai da ya yi dariya. Ba a jima ba ciwo ya kwantar da ita, likitoci suka sallamo ta gida, irin sallamar da ita ma ta sha yi wa wasu. Ba ta tambaye su komai ba.

Baba ya ja ni baranda. "Likita ya ce ba lallai ta kai Lahadin tashin Almasihu ba. Ni wannan matar mai 'sannu' da 'na gode' ban san ta ba. Tawa nake so in ji, ko sau ɗaya ne. Kai da ka yi karatu, je ka yi mata bayani. Mara lafiya ai babu azumi a kansa."

Na koma na yi mata bayani daki-daki, da hujjoji, yadda nake yi wa ɗalibai, na kuma sami irin sakamakon da na saba samu.

"Malam," ta ce, "inda za ni kowa ya san aikinsa. Wa zan yi wa faɗa a can? Gara in fara koyo tun daga nan."

"To shi fa?"

"Ya yi haƙuri. Ni ma ai haƙurin nake yi."

Baba bai haƙura ba. Ranar Jumma'a ya rataye jiƙaƙƙen tawul a kan gadonta. Ranar Asabar ya tsaya a kanta ya rera waƙa da muryar nan da ta sa ƙungiyar mawaƙan coci ta mayar da shi mai jera kujeru. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Ta damƙe zanen gado, leɓɓanta na motsi. 'Yarsu ta ce addu'a take yi. Ni dai zargina tara masa take yi.

Safiyar Lahadi numfashinta ya yi nisa. Babu wanda ya je sujada. Aka buɗe taga, waƙa tana shigowa daga cocin ƙarshen layi. Dabarun Baba sun ƙare, yana zaune a bakin gado da rigar da ya zura cikin gaggawa.

Ta buɗe ido. "An fara?"

"An fara, Mama," in ji 'yar. "Almasihu ya tashi."

"Lallai ya tashi." Ta numfasa. Sai ta bi mijinta da kallo daga kai har ƙafa, a hankali, kamar tana zagayen duba marasa lafiya.

"Baban yara."

"Na'am."

"Wannan wace irin shiga ce? Ranar tashin Ubangiji ka zauna mini kamar wanda aka tsamo daga kwata? Dubi maɓallanka, kowanne ya shiga gidan maƙwabcinsa. Kai kam tsufa bai ƙara maka komai ba sai furfura. Matso nan."

Ya matso yana dariya, hawaye na bin gemunsa. "Ƙara, Maman yara. Don Allah ƙara."

"Ba ni da numfashin ɓatawa a kanka." Yatsunta suka kama wuyan rigar. Ta gyara na sama, ta gyara na biye, hannun ya gaji ya sauka. "In ka tashi zuwa, ka zo a kintse. Kar ka ba ni kunya a gaban mutane."

"Zan zo a kintse."

"Kuma ban ce ka yi sauri ba. Na san tuƙinka."

Ta cika kafin a taso daga coci.

Da yamma masu gaisuwa suka cika tsakar gida, wasu har yanzu da fararen kayan sujada. Baba yana zaune a baranda yana amsawa. 'Yarsa ta sunkuya za ta ƙarasa gyara masa sauran maɓallan, sai ya riƙe hannunta a hankali ya mayar mata. Haka ya zauna har rana ta faɗi, rigar daidai a wuya, daga ƙirji zuwa ƙasa a karkace.